Ku Daina Yi wa Mai Karatun Duwatsu Jaje

Ranar da sunan ƙanina ya fito a jerin waɗanda jami'a ta ɗauka, gidanmu a Yankara ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Kimiyyar kwamfuta ya nema, aka ba shi jiyoloji, wato ilimin sanin duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Kawu ya kira ni a waya ya ce, "Kai da ka san hanya, ka gaya masa ya haƙura ya sake jarrabawa baɗi. Dutse dai ga shi nan bayan gari, sai an je jami'a za a san shi?" Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, a wannan karon ba na bayanka."

Ni mai haɗa manhaja ne, kwamfuta na karanta, da ita nake ci nake sha. Duk da haka ina faɗa da babbar murya: mu 'yan kwamfuta mun cika wa yara kunne har sun ɗauka duk karatun da ba a yin sa a gaban allon kwamfuta asara ne. Wannan ƙarya ce, kuma yankinmu ne ke biyan kuɗinta.

Mu fara da ruwa. Ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa tana zaune ne kan tsohon dutse mai tauri. A irin wannan ƙasa ruwa ba ya kwanciya ko'ina a shimfiɗe, yana taruwa ne a tsagogin dutse da inda dutsen ya ruɓe. Shi ya sa za ka ga burtsatse tana ambaliya, wata kuma taku kaɗan daga gare ta ko ɗigo babu. A unguwarmu an taɓa yin karo-karo, har da kuɗin zawarawa, aka kira masu injin haƙa. Ba wanda ya auna ƙasar, wani dattijo ne ya nuna wuri da sanda. Aka haƙa, ƙura ta tashi, kuɗi suka ƙare. Akwai na'urar da ake tura lantarki cikin ƙasa da ita a gano inda ake kyautata zaton tsaga mai ruwa take, amma sai wanda ya yi karatun ne ke iya fassara abin da ta nuna. Ni da digirina ban iya ba.

Sai maganar rai. Daga Yankara, idan ka miƙe hanyar Funtua zuwa Gusau, ba ka jimawa ka shiga Zamfara. A 2010 duniya ta ji labarin ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Dutsen da ake fasawa don neman zinare yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gida, a niƙa a injin, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abinci suke nema. Abin da suka rasa shi ne mutum guda daga cikinsu, mai jin harshensu, da zai ɗaga dutsen ya ce, "Wannan kada ya shiga gida." A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Sannan dukiya. Ƙanƙara ta yi suna da farar ƙasa, wadda ake yin tangaran da fenti da takarda da ita. Wa ke auna ingancinta? Wa ke yanka mata farashi? Wanda ya san abin da ke cikin buhun. Mai haƙa yana sayarwa da awon buhu, mai saye yana saye da sakamakon ɗakin gwaji. Tsarin mulkin 1999 ya damƙa ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta tsara yadda ake ba da lasisi a Abuja. Dokar ta tanadi yarjejeniya tsakanin kamfani da al'ummar da za a yi haƙa a ƙasarta. To idan an zauna teburin, wa zai karanta mana taswirar? Ko wayar da kake karanta wannan rubutu da ita, akwai kuza da zinare a cikinta. Sana'ata kacokan a kan abin da aka tono daga ƙasa take tsaye.

Na san abin da za a ce: ina aikin? Gaskiya ne, akwai masu digirin jiyoloji da ke zaman jira. Amma masu digirin kwamfuta da ke sayar da kati a bakin titi fa, su ba a gan su ba? Bambancin shi ne, aikina wani yana iya yin sa daga Indiya, yanzu ma na'ura ta fara yin wani sashensa. Auna ƙasar Sabuwa kuwa sai an taka ta da ƙafa.

Za a kuma ce daji ba ya shiguwa. Wannan ma gaskiya ce mai ɗaci. Ba mu manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda tsaro, ba a ɗage ba sai Disambar 2024. Amma karatun shekara huɗu ne, ƙwarewa kuma ta fi haka ɗaukar lokaci. Idan muka ce sai daji ya lafa za mu tura yara, ranar da ya lafa baƙi za mu tarar sun riga mu da taswira a hannu.

Saboda haka ga buƙatata. Ƙananan hukumominmu su daina biyan kuɗin burtsatsen da ba a auna wurinta ba. Masu hali da ke raba wa matasa kwamfutoci su ɗauki nauyin ko da yaro biyu ne daga kowace gunduma zuwa sashen jiyoloji na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Jami'ar Bayero a Kano, har da kuɗin fita aikin fili, wanda shi ke karya ɗan talaka. Mu kuma 'yan kwamfuta mu rage baki, mu koyi haɗa manhajar da za ta yi musu hidima.

Ƙanina bai sake jarrabawa ba. Da ya zo hutu, Kawu da kansa ya ja shi bayan gida ya nuna masa inda yake son haƙa rijiya. Yaron ya duba ya ce, "Kawu, a dakata tukuna, sai an auna."