Daji Ba Ya Haihuwar Ɗan Bindiga

Duk lokacin da labarin wani hari ya iso daga ƙauyukan Tsafe ko na Bungudu, magana guda ce ke fita daga bakin jama'a a majalisun Gusau: waɗannan ba mutane ba ne, dabbobi ne. Ba mu ga laifin mai faɗin haka ba. Wanda aka kashe wa uba a gona, ko wanda aka sace wa 'ya daga ɗakin kwananta, kamar yadda aka yi wa ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida cikin watan Satumba na 2023, yana da haƙƙin ya yi fushi. Amma idan muka tsaya a kan wannan kalma, za mu rufe wa kanmu ƙofar tambayar da ta fi muhimmanci: yaya aka yi yaron da aka raɗa wa suna Muhammadu ko Abubakar ya girma bai san darajar jini ba?

Marubuta sun daɗe suna juya wannan tambaya. A shekarar 1954 wani Bature ɗan Ingila, William Golding, ya fitar da littafinsa Lord of the Flies, labarin 'yan makaranta da jirginsu ya faɗi a wani tsibiri babu babba ko ɗaya tare da su. Da farko sun naɗa shugaba, sun kafa doka. Kafin a zo ceton su sun shafa fenti a fuska, sun koma farautar juna, har sun kashe biyu daga cikinsu. Abin da marubucin ke nufi shi ne wayewa riga ce kawai, da an tuɓe ta sai dabbancin da ke ƙasa ya bayyana.

A adabinmu na Hausa akwai labarin da ya bi ta wata hanya dabam. Shaihu Umar, littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, labarin yaro ne da aka sace tun yana ƙarami a zamanin cinikin bayi. An raba shi da uwarsa, an tsallake hamada da shi. Sai Allah Ya sa ya faɗa hannun Abdulkarim, wanda ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa ya sa shi karatun Alƙur'ani. Yaron da aka sata ya dawo malami, almajirai na zaune gabansa. Da hannun azzalumi ya rene shi, da wani labarin muka karanta.

Musulunci ya fi kusa da fahimtar Tafawa Ɓalewa. Hadisi ya inganta a Bukhari da Muslim cewa kowane jariri ana haihuwarsa a kan fiɗira, iyaye ne ke karkatar da shi. Ba mu musun cewa rai na da saurin umarni da mugun aiki, amma asalin ɗan Adam ba dabbanci ba ne. Ibn Khaldun ma ya bayyana a Muƙaddimarsa cewa abin da mutum ya saba da shi ne ke gina halinsa. Har ya ga mazauna karkara sun fi mutanen birni kusa da alheri, domin jin daɗi bai lalata su ba. Ashe ke nan daji ba shi ne cutar ba.

Tarihin wannan yanki shaida ne. 'Yandoto, kusa da Tsafe, cibiyar ilimi ce da ɗalibai ke yi wa tattaki tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ƙasar ba ta sauya ba, duwatsun Kwatarkwashi suna nan inda suke. Abin da ya sauya shi ne abin da yaro ke buɗe ido ya gani. An nome burtali, an cinye makiyaya, ɓarayi sun kore shanu, shari'ar manomi da makiyayi ta koma ta mai kuɗi. Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 ba ta kai ga mafi yawan rugage ba. Yaron da bai taɓa riƙe allo ba, wanda ya ga an kashe mahaifinsa a kasuwa ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, wanda babban mutumin da ya sani shi ne mai rataye da bindiga, me muke zaton zai zama?

Nan ne ya kamata mu mutanen gari mu dubi kanmu. Ba a ƙera bindiga a ruga, ba a haƙo fetur a daji. Mai kai musu mai da ƙwaya, da mai tsegunta musu gidan da aka sayar da amfanin gona, a cikinmu suke, wani ma sahu ɗaya muke tsayawa da shi. A Gusau aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoba na 1999, sauran jihohi suka biyo baya. Sa'annan a 2022 muka wayi gari an naɗa wa wani sanannen jagoran 'yan bindiga rawani a masarautar 'Yandoto. Wane darasi yaran daji da na gari suka ɗauka a ranar?

Kada a ɗauka muna nema wa mai laifi uzuri. Baligi mai hankali da ya zubar da jini zai amsa a gaban shari'a, zai kuma amsa a gaban Allah, kuma wajibi ne hukuma ta kare talakawa da ƙarfinta. Abin da muke cewa shi ne idan aka kawar da ɗan bindiga aka bar abin da ya haife shi, wani zai maye gurbinsa kafin damina ta zagayo.

Mu tuna da hadisin mutumin da ya kashe rayuka ɗari ya nemi tuba. Malamin da ya tambaya bai yanke masa ƙauna ba, amma ya umarce shi ya bar ƙasarsa domin muguwar ƙasa ce, ya koma inda ake bauta wa Allah. Tuba na buƙatar sauyin mazauni.

Don haka muna kira ga gwamnatin jiha da ta sa yaran da aka haifa a sansanonin daji, da marayun da ke gararamba a titunan Gusau, cikin lissafin tsaro, ta sama musu makaranta da sana'a. Hukumar zakka da masu hannu da shuni su ɗauki nauyinsu. Malamai su kai karatu rugagen da ake iya shiga, su tsawatar a kan mumbari game da kisan mutum saboda ƙabilarsa. Askarawa da 'yan sa-kai su miƙa wanda suka kama ga hukuma. Iyaye kuwa su san da wa ɗansu ke zama, da abin da yake kallo a waya, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kowane yaro a Zamfara yana jiran hannun da zai rene shi, kuma za a tambaye mu a kansa. Allah Ya kawo mana zaman lafiya, Ya shirya mana zuri'a.