Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnonin Arewa Maso Yamma Kan Yaran Da Suka Dawo Daga Daji

Masu girma gwamnoni,

Duk lokacin da aka sako ɗaliban da 'yan bindiga suka sace, akan kai su gidan gwamnati, a ba su sababbin tufafi, a ɗauki hotuna, sannan a miƙa su ga iyayensu. Haka aka yi wa yaran Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, da 'yan matan Jangebe 279 a Maris 2021, da ɗaliban Kuriga 137 a 2024. Daga nan kowa ya watse.

Alhali a gida ciwon yake farawa. Yaro ya riƙa zabura cikin barci, ya koma fitsarin kwance, ƙarar babur ta sa shi gudu. Wata ta daina magana, wani ya ƙi makaranta. Uwa, wadda ita ma ba ta gama farfaɗowa ba, sai ta ce aljanu ne, maƙwabta su ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Addu'a da haƙuri suna da gurbinsu, amma firgici ciwo ne mai magani. Ga kuma dubban yaran ƙauyuka da aka kashe iyayensu a gabansu, waɗanda babu wanda ya ɗauki hotonsu.

Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato sun yi wa mutumin Zurmi ko Batsari nisa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin mhGAP, mai koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane irin wannan ciwo da kula da shi. A Borno, gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta riƙa kai masu ba da shawara har cikin unguwanni. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa ma an sa mata hannu tun 2023.

Roƙon da ake yi wa masu girma gwamnoni shi ne su ware kuɗi a kasafin baɗi don horar da ma'aikacin lafiya a kowace mazaɓa. A koya wa malaman boko da na Islamiyya alamomin firgici, su daina dukan yaron da ya kasa karatu. A haɗa iyaye mata cikin kulawar, limamai kuma su tsawatar kan tsangwamar 'yan matan da suka dawo. Sannan kowace jiha ta buɗe rajistar yaran da aka sako, ta bi sawunsu aƙalla shekara guda.

Allah ya yi jagora.