Sabulun Salo A Gashi: A Yi, Amma Da Lura

'Yan uwa da muka baro zangon Kumasi muka zauna Bauchi. Tunda shamfu ya yi tsada, na ga matanmu da yawa suna sayen sabulun salo a Kasuwar Muda Lawal, wanda a can ake kira alata samina, su wanke fuska, su kuma wanke kai da shi. Ni ban ga laifin haka ba, amma da sharaɗi.

Da tokar ɓawon ayaba ko na koko ake haɗa shi, don haka yana da kaifi irin na kanwa. Ma'aunin pH ɗinsa kan kai 9 zuwa 10, na fatar kai kuwa kusan 5.5 ne. In aka goga shi kai tsaye, gashi zai bushe ya riƙa karyewa, balle da hunturu.

Shawarata, a narkar da ɗan kaɗan a ruwan ɗumi, a yi wankin sau ɗaya a mako. A ɗauraye da ruwan da aka matsa wa lemun tsami, sannan a shafa man kaɗanya. Wajen saye kuma a lura, na ainihi ruwan ƙasa ne. Wanda ya yi baƙi wuluk, sau da yawa rina shi aka yi.

Allah Ya sa mu dace.