Ana karɓar tikiti, ina famfo?

A watan Maris na 2020, da korona ta shigo Nijar, hukuma ta rufe masallatai da lakwal, ta killace Yamai, ta sa dokar hana fita da dare. Aka umarci jama'a su riƙa wanke hannu da sabulu, su kuma bar tazara tsakaninsu. Umarni ne mai kyau a takarda. Amma wanda ya rubuta shi bai faɗa wa mai sayar da tumatir a kasuwar Katako inda zai sami ruwan ba, balle tazarar, a layin da mai kura da mai ɗauke da buhu ba sa iya wuce juna sai da gogar kafaɗa. Da matasa suka yi bore a Mirya da wasu unguwannin Yamai, sai aka ce jahilci ne. An bar jaki ana dukan taiki.

Korona ma baƙuwa ce. Kwalara da sanƙarau ƴan gida ne. A 2015 sanƙarau ya kashe sama da mutum 500, har aka rufe makarantun Yamai. A 2018 kwalara ta ɓulla a Madarunfa, ta kama sama da mutum 3,000, akasarinsu a jihar Maraɗi. A 2021 ta dawo, ta ratsa Maraɗi da Damagaram da Tawa, ta kashe fiye da 150. Hanyarta kuwa ba asiri ba ce: bayan gidan mai cutar ya gauraya da ruwan sha ko abinci. Duk tashar mota da matafiya ke kwana cikinta babu masai, duk kasuwar da lambatunta ya toshe, da damina ya malalo ƙarƙashin rumfar masu tuwo, shimfiɗa ce aka yi wa wannan cuta.

Ɗan kasuwa yana biyan tikiti kowace safiya, yana biyan kuɗin rumfa, yana biyan fatanti. Mai karɓa ba ya makara, ko ranar salla. Ina kuɗin ke zuwa, in har kasuwa mai dubban mutane ba ta da isassun famfo da makewayi? Amsar da aka saba ji ita ce asusu babu kuɗi, kuma talaka ne ƙazami. Ta farkon ba ta da ƙafa. An rusa shagunan bakin titi a Yamai a 2016, an sami abin gina otal-otal da manyan hanyoyi domin taron Tarayyar Afirka na 2019. Ta biyun kuwa cin fuska ce: mutumin da ke alwala sau biyar a rana ba ya ƙin ruwa, rashinsa yake yi.

Abin da ya fi ciwo shi ne filaye. Duk sanda aka yanka sabuwar unguwa, taswira takan nuna wurin makaranta, da ɗakin shan magani, da dandali. Bayan ƴan shekaru sai a tarar da katanga da ƙofar ƙarfe. Dajin dogon yaro da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, domin tare ƙura da iska, an yi ta gutsurarsa ana rabawa. Ma'aikacin da ya buga hatimi a kan irin wannan takarda ya sani sarai cewa ranar annoba a irin filin nan ake kafa tantin jinya, a nan ake layin allura, a nan ake sauke rabin kasuwa don ta sami numfashi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maraɗi ta san sake tsarin gari yana yiwuwa. Da ambaliyar Gulbi ta ci tsohon garin a 1945, an hau tudu, an ja tituna masu faɗi a miƙe, kuma su ne ake bi har yau, ko da yake rumfuna sun cinye gefensu.

Ƙungiyoyin ƴan kasuwa suna da bakin magana in an taɓa haraji ko kuɗin kwastan. Su yi amfani da shi a nan. Su nemi hukumar kowane gari ta liƙa a ƙofar kasuwa adadin abin da ta tara a wata da abin da ta kashe kan ruwa, masai da kwashe shara. Su nemi a yashe lambatu kafin ruwan farko, a buɗe layukan da aka toshe da rumfunan alfarma, a kuma buga sunayen filayen jama'a da suka rage, unguwa-unguwa, tare da sunan duk wanda ya sa hannu aka sayar da sauran.