Tambaya Biyu Ga Mai Neman Ƙuri'a

Zuwa ga Edita,

Ga ni na sake komowa filin nan da ka saba ba ni. Yau maganata a kan zaɓen ƙananan hukumomi ce, da irin mutanen da ya kamata mu ba ƙuri'unmu.

Ni akawu ne a wata masana'anta a Sharaɗa, littafin zuwa aiki kuwa a hannuna ya ke. Kowace safiya in ƙarfe takwas ta yi sai in ja layi da jan alƙalami, wanda ya zo bayan layin nan a rage masa albashi. Akwai wani dattijo lebura, ba shi da lalaci ko kaɗan, amma kullum sunansa na ƙarƙashin layin. Ran nan na ce masa, "Baba, lafiya kuwa?" Ya ce, "Malam, a Kurna na ke kwana, don nan kusa ban sami ɗakin da zan iya biya ba. In na hau A Daidaita Sahu zuwa da komowa, yara su kwana da yunwa. Shi ya sa na ke yin rabin hanya a ƙasa." Tun daga ranar hannuna nauyi ya ke yi in zan ja layin nan.

Jama'a, irinsa ba su ƙidayuwa a Sharaɗa da Challawa da Bompai. Cikin 2013 aka hana acaɓa a birnin Kano, talaka ya koma keke mai ƙafa uku. Ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin hawa ya yi sama. Cikin 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, amma kafin ya zauna a aljihu, mai gidan haya da mai keke sun raba.

Na san wani zai ce wannan aikin Gwamna ne, ina ruwan kansila? Gaskiya ne, dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar cikin birni a hannun Gwamna. Amma tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma tashoshin mota, da kasuwanni, da titunan unguwa, da magudanan ruwa. Sa'an nan ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ashe ciyaman da kansila ba su da hujjar naɗe hannu.

An yi zaɓen ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano ran 26 ga Oktoba 2024. Wa'adi zai cika, masu nema za su sake fitowa. In sun zo ƙofar gidajenku, ku yi musu tambaya biyu.

Ta fari, maganar ɗaki. Ku ce, za ka fasa tituna ka haƙa lambatu a unguwannin ma'aikata, irin su Panshekara da Dakata, don masu hali su sami ƙarfin zuciyar gina ɗakunan haya? Za ka je wurin Gwamnatin Jiha ka nemi fili don gidajen leburori kusa da wurin aikinsu? An gina Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, gidaje ne masu kyau, amma mai neman ɗaki guda bai isa ya taka can ba. Sai ɗakuna sun yi yawa mai gida zai sassauta.

Ta biyu, maganar abin hawa. Ku ce, za ka yi tasha a bakin masana'antu, ka nemi manyan motocin haya masu tashi a kan lokaci safe da yamma? Ku tuna unguwar Sharaɗa tana cikin Ƙaramar Hukumar Birni, Challawa tana Kumbotso, Bompai tana Nasarawa, lebura kuwa a wata ya ke kwana, a wata ya ke aiki. Saboda haka wanda ba zai iya zama da takwarorinsa su shirya hanya ɗaya ba, ba namu ba ne.

Ban ce ku bi jam'iyya kaza ba. Wanda ya amsa tambayoyin nan dalla-dalla, ya faɗi titi kaza da tasha kaza, shi za mu bi, ko daga ina ya fito. Wanda ya amsa da sabulu da taliya kuwa, to, ku sani kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, askin nan kuwa shekaru za mu yi muna yinsa.

Ya ku malamai da akawuna, ku Allah ya ba karatu, sai ku karanta wa waɗanda ba su iya ba, ku yi musu bayani a zaure da bakin masallaci da ƙofar ma'aikata. Allah ya ba mu shugabanni masu tausayin na ƙasa, amin.

Haza wassalam.

Naku,
Akawun Sharaɗa, Kano.