Waiwaye: Jarumin Na Aro Ne, Ƙa'idar Wasa Ce Taka

A shekarar 2002 wani kamfanin Amurka mai suna WizKids, wanda Jordan Weisman ya kafa, ya fito da wasan HeroClix. 'Yan mutum-mutumi ne na roba, yawancinsu ko tsawon yatsa ba su kai ba, na jaruman Marvel da DC: su Spider-Man, Hulk, Batman. Mutum biyu za su shimfiɗa taswira mai gida-gida a kan tebur, kowa ya jera tawagarsa, a jefa dayis biyu irin na ludo, a gwabza. Dabarar da ta ja kasuwa tana ƙarƙashin ƙafar jarumin: wani faifai ɗauke da lambobin gudu, hari, kariya da ɓarna. In ya sha duka sai a murza, lambobin su sauya, har a kai inda ya faɗi. Ba biro, ba takarda. Da fentinsu suke zuwa, amma a rufe cikin kwali. Sai ka biya ka buɗe kafin ka san wa ka samu.

Kamfanin Topps ya sayi WizKids a 2003, kuma a watan Nuwamba na 2008 ya rufe shi. Masu kwalaye cike da jarumai suka wayi gari ba sabon kaya, ba wanda zai shirya gasa a hukumance. Sai a 2009 kamfanin NECA ya sayi wasan ya farfaɗo da shi. Wasu ba su yi wannan sa'ar ba. Kamfanin Knight Models na ƙasar Sifen ya taɓa fitar da wasan Marvel, lasisin ya kuɓuce masa, wasan ya tsaya nan.

Wannan tarihin ne ya sa ba na fara tambayar sabon shiga wane jarumi yake so. Sunan da ke jikin kwali haya ce kamfani ya biya, ita kuwa haya wa'adi gare ta. Abin da zai rage a hannunka shi ne littafin ƙa'idoji da abokin karawa.

To, me ake dubawa a littafin? Duk mai tsara irin wannan wasa yana fama da matsala guda: a labarin zane, Hulk yana ɗaga tankar yaƙi, Hawkeye kuwa kwari da baka kawai ya mallaka. In ƙa'ida ta bi gaskiyar ƙarfi, faɗan zai ƙare a jifa ɗaya. In ta daidaita su tsaf, Hulk ya tashi daga Hulk, ya koma ƙaton soja kore. Tsakanin waɗannan ramuka biyu ake gane gwani.

HeroClix ya bi ta farashi. Kowane jarumi da makinsa, a gasa aka fi haɗa tawagar maki 300, saboda haka mai ɗaukar ƙato ɗaya zai fuskanci taron ƙanana. Akwai kuma hikima a faifan Hulk na farko: maimakon lambobinsa su ragu in an doke shi, hawa suke yi. Fushinsa ke nan aka zuba cikin lissafi, kuma har yau ina ganin da wuya a samu ƙa'ida ɗaya da ta kama halin jarumi kamar wannan.

Marvel: Crisis Protocol, wanda Atomic Mass Games ya fitar a 2019, ya kauce wa tambayar ta wata hanya. Nasara ba a kashe-kashe kawai take ba. Kowa yana zuwa da jarumai goma, a zaɓi katunan rikici, sannan ya tsamo waɗanda suka dace. Ana tara maki da riƙe wuri ko ɗauko wani abu, wanda ya fara kai 16 ya ci, in ba haka ba a duba mai rinjaye bayan zagaye na shida. Ɗan ƙaramin jarumi mai sauri zai iya sace wasan yayin da ƙato ke can yana wurgi da mota. Duka ma riba ce, domin wanda aka raunata yana samun kuzarin da zai kashe a kan manyan hare-hare. Sai dai fa yawancin jaruman a wargaje suke zuwa, kai za ka manna, kai za ka yi fenti. Wanda ba shi da haƙurin buroshi ya sani tun wuri.

Wasan Batman na Knight Models ya ƙuntata fagen ne kawai: kullum dare ne a Gotham, ba ka hango abokin gaba daga nesa sai ya shigo hasken fitilar titi. Da wannan ƙa'ida, mai sanɗa ya samu abin yi a gaban mai bindiga.

Akwai kuma layin da ba ya jiran lasisin kowa. Scott Pyle ya rubuta SuperSystem, daga baya Super Mission Force, inda kai ne za ka gina jaruminka, ka zaɓa masa baiwa, ka ɗora duk ɗan mutum-mutumin da ka samu a kan tebur. Kamar dara ne: ba mai iya rufe shagon. Nan zuciyata ta karkata, amma ba zan ɓoye tsadarsa ba. Ba kamfanin da zai tara maka jama'a. Kai ne malami, kai ne alƙali, kai ne mai kawo tawaga biyu don baƙo ya gwada. Mutumin da a garinsu kowa HeroClix yake bugawa, in ya nace sai tsarin Pyle, shi da teburinsa za su kwana.

Gwajin da nake ba da shawara mai sauƙi ne. Kafin a kashe kuɗi, a yanka kwali, a rubuta sunan jarumi mafi ƙarfi da mafi rauni, a buga zagaye biyu da abokin da za a riƙa wasan da shi. In mai raunin bai samu abin yi ba, ko mai ƙarfin bai ba da tsoro ba, a nemi wani littafin.

Abin dariya, gasar HeroClix ta zamani tana yi wa tsofaffin jarumai ritaya lokaci-lokaci, sai su koma ana sayar da su tuli-tuli da araha. Masu bin tsarin Pyle da ire-irensa su ne ke kwashewa, su ɓalle faifan ƙasan, su manna jarumin a sabon gindi, su rubuta masa lambobin da suka ga dama.