Idan matashin Katuzu ya fita sassarfa bai dawo ba, wa zai neme shi?

Da yawa daga cikin ma'aikata da hadiman manya a Abuja sun san sunan Katuzu ne ta allon talbijin. Unguwa ce a Gashua, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Bade a Jihar Yobe, inda Sanata Ahmad Lawan, Shugaban Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023, ke kaɗa ƙuri'arsa. Ranar zaɓe 'yan jarida kan cika wurin, washegari su watse. Wanda ya kwana a garin kuwa ya san abin da ba a nunawa. Da an sallame sallar asuba za ka ga samari suna sassarfa a bakin titi, wasu su miƙi hanyar Nguru, wasu su gangara fadama. Akwai ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashua da 'yan ƙwallo, akwai kuma masu horar da jiki don jiran ranar ɗaukar kuratan soja ko 'yan sanda.

A ce ɗaya daga cikinsu ya fita shi kaɗai, hantsi ya yi bai dawo ba, azahar ta yi wayarsa ba ta shiga. Me zai faru? Mahaifinsa zai bi gidajen abokai, ya leƙa asibiti, ya je wurin mai unguwa, a yi cigiya a masallaci, ƙannensa su saka hotonsa a Facebook. Can da yamma wani zai ba da shawarar a je ofishin 'yan sanda, wani kuma ya ce ai sai an cika sa'o'i 24 kafin su saurari maganar ɓata. Wannan jita-jita ta yi jijiya a ƙasar nan, alhali Dokar 'Yan Sanda ta 2020 cewa ta yi a kai rahoto cikin sa'o'i 24, ba bayansu ba. An kifar da maganar ne, kuma ba talakawa kaɗai suka kifar da ita ba, domin sau da yawa daga bayan kanta ake jin ta.

A ƙasar Bade jiran yini guda ba ƙaramin abu ba ne. Kusa da Gashua ne ruwan Haɗejiya da na Jama'are ke haɗuwa su zama kogin Yobe, kuma daga nan zuwa Nguru fadama ce shimfiɗe, ga ciyawar kachala da ta toshe hanyoyin ruwa, tsayinta ya wuce na mutum. Da damina gaɓar kogi kan zabtare. Da bazara zafin rana kan kayar da ƙato. Ga maciji, ga motar da za ta buge mutum da duku-duku ta wuce. Wanda ya karye a cikin kachala da ƙarfe shida na safe mai ceto ne da ƙarfe goma. Bayan kwana biyu kuwa gawa ake nema. Akwai kuma abin da iyaye a Arewa maso Gabas ke tsoro ba su cika faɗa da ƙarfi ba: saurayin da aka tarar yana gudu a bayan gari babu katin shaida a aljihunsa na iya kwana a tsare bisa zargi, ba tare da an sanar da gidansu ba.

Kada a ce ƙasar nan ba ta iya neman mutum ba. Ranar 3 ga Satumba 2018 Manjo Janar Idris Alkali mai ritaya ya ɓace a hanyarsa daga Abuja zuwa Bauchi. Rundunar soja ta bi sawun wayarsa, ta sa aka yi ta janye ruwan wani kududdufin haƙar ma'adinai a Dura-Du da ke Jos ta Kudu har aka ciro motarsa ranar 29 ga watan, ba ta kuma saki ba sai da aka samo gawarsa a wata tsohuwar rijiya ranar 31 ga Oktoba. Daidai aka yi, Allah ya jiƙansa. A wannan shekarar ce kuma, a garin Dapchi da ke maƙwabtaka da Bade, aka kwashe 'yan mata 110 daga makaranta ranar 19 ga Fabrairu. Hukumomi sun sanar cewa an ceto wasu, suka janye sanarwar, aka kusa mako kafin a tsayar da adadinsu. Idan lissafin yara 110 ya gagara a kwanakin farko, ina ga saurayi ɗaya tilo mai tsohon takalmi?

Har yanzu a 2018 ɗin, wata ɗaliba 'yar shekara 20 ta fita sassarfa a wani ƙaramin gari na jihar Iowa a Amurka, ba ta dawo ba. An bi bayanan wayarta da na agogon da ke ƙirga takunta, aka duba kyamarar gidan wani mazaunin garin aka ga motar da ta riƙa zagayawa kusa da ita. Bayan wata guda aka samo gawarta a gonar masara, daga baya kotu ta ɗaure wanda ya kashe ta. Binciken bai cece ta ba. Amma iyayenta sun san kabarinta, abin da dubban iyaye a nan ba su samu ba: ƙungiyar agaji ta ICRC ta yi rajistar mutane fiye da 20,000 da suka ɓace a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka, kuma fiye da rabinsu yara ne a lokacin da suka ɓace.

Za a ce Gashua ba ta da kyamarori. Gaskiya ne, sai dai tana da abin da ya fi su amfani a fadama: masunta da suka san kowane lungu na ruwa, mafarauta masu karanta sawu, makiyaya da ke kwana a daji. Abin da babu shi ne wanda zai tara su cikin sa'a guda da ikon hukuma, ya zuba wa kwale-kwale mai, ya nemi kamfanin waya ya faɗi turken da layin yaron ya taɓa na ƙarshe. Wannan na ƙarshen daga sama ake ba da izininsa, kuma kafin takarda ta tashi daga baturen 'yan sanda zuwa Damaturu ta dawo, sawu ya bushe.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada a fita gudu ba abokin tafiya, a faɗi inda aka nufa. Shawara ce mai kyau, amma tana da arha, domin ta ɗora nauyin duka a kan yaron. Ragowar nauyin yana kan teburanku, ya ku masu rubuta wa manya takardu. Umarni daga Sufeto Janar cewa a rubuta rahoton ɓata nan take, a kuma hukunta wanda ya ce a dawo gobe, shafi ɗaya ne. Rumbun bayanan waɗanda suka ɓace, wanda Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta shekara da shekaru tana maganarsa, yana buƙatar gurbi a kasafin kuɗi, da doka da za ta tilasta wa asibitoci da wuraren tsare mutane shigar da sunaye. Lambar gaggawa ta 112 kuma a gwada ta daga Dagona ko Gogaram, ba daga Maitama ba.

Ranar Asabar mai zuwa da yawanku za ku zagaya tafkin Jabi da fararen takalma, direba na jira a bakin ƙofa. Idan kun makara da rabin sa'a, waya za ta fara ƙara. A daidai lokacin samarin Katuzu sun riga sun yi nisa a hanyar Nguru.